Kebbi: Ɗaukar nauyin karatun yaro ya wuce rabon jaka da littafi

Duk wanda ya bi hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu da hantsi, a lokacin da shinkafar rani ta fara nuna, zai ga abin da alƙaluma ke faɗa da idonsa. A bakin fadama akwai yara maza da gwangwani da majajjawa suna korar jan-baki. A tasha da bakin kasuwa kuma 'yan mata ne ɗauke da tire, wata da soyayyen kifi, wata da fura, wata da gyaɗa.

A daidai wannan sa'ar, sunayen wasu daga cikinsu na nan a rajistar wata makarantar firamare da ba ta da nisa da inda suke. An rubuta su, wataƙila har an taɓa ba su jaka da littattafai a wani taro, amma ba sa aji.

Binciken halin rayuwar yara da mata da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF a 2021 ya sanya Kebbi a sahun gaba cikin jihohin da yara ba sa zuwa makaranta. Fiye da rabin yaran jihar da suka kai shekarun firamare ba sa zuwa.

Wannan ne ya sa maganar ɗaukar nauyin karatun yara ta zama ruwan dare. 'Yan siyasa na yi, ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai na yi, 'yan kasuwa da ma'aikatan da ke zaune a Abuja da Legas na turo kuɗi gida, ga kuma ƙungiyoyin ƙasashen waje. Niyyar tana da kyau. Abin da ba a cika tsayawa a duba ba shi ne wane irin tallafi ne ke riƙe yaro a aji har ya kammala, wane ne kuma ke ƙarewa a ranar da aka ɗauki hoto.

Ilimi kyauta, amma da kuɗinka

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara, wato firamare shida da ƙaramar sakandare uku, kyauta ne kuma dole ne. A takarda ke nan. Uban da ke da 'ya'ya biyar a makarantar gwamnati ya san kyautar tana da iyaka.

Akwai yunifom, wanda yaro ke fin ƙarfinsa ko ya yage kafin shekara ta zagayo. Akwai takalmi, da littattafan rubutu, da biro da fensir. Akwai 'yan kuɗaɗen da ake karɓa da sunan ƙungiyar iyaye da malamai ko na jarrabawa. Akwai kuɗin tara kullum safiya, domin yaron da ya fito da yunwa ba ya kaiwa tashi. Idan yarinya ta balaga, ga audugar mata duk wata, wadda rashinta kaɗai kan sa ta zauna gida kwana uku ko huɗu, musamman a makarantar da ba ta da banɗaki mai ƙofa.

Kowanne a cikinsu ƙarami ne. Haɗuwarsu ce ke karya magidanci, balle tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da farashin komai ya tashi.

Amma babban kuɗin da ba a cika lissafawa ba shi ne wanda gida ke rasawa idan yaro ya tafi makaranta. A kwarin Rima yaro hannu ne a gona. Shi ke taya dashen shinkafa, shi ke korar tsuntsaye, shi ke kai abinci fadama, shi ke bin mahaifinsa su. Idan ya tafi aji, sai an biya wani ya yi aikin.

Lamarin ya fi tsanani ga ɗiya mace. Matar da ke zaune cikin gida tana turara shinkafa ko tana dafa abincin sayarwa, 'yarta ce ƙafarta zuwa kasuwa. Ribar tallan nan ita ce cefanen wasu ranaku, kuma daga cikinta ake tara kayan ɗakin yarinyar. Wanda ya zo ya ce wa uwar ta bar 'yarta ta tafi makaranta, ya miƙa mata jaka da littafi goma, bai taɓo matsalarta ba ko kaɗan. Ba ƙin boko take yi ba, lissafi take yi.

Inda al'adar ta samo asali

Tsarin da aka fi sani a duniya, na mutum ɗaya ya ɗauki yaro ɗaya a wata ƙasa yana biyan wani abu duk wata, ya yi ƙarfi ne tun lokacin yaƙin basasar Sifaniya. A 1937 wani ɗan jarida ɗan Birtaniya, John Langdon-Davies, da abokin aikinsa Eric Muggeridge suka kafa shirin da ya zama Plan International a yau. Dabarar ita ce mai bayarwa ya san sunan yaron, ya ga hotonsa, su riƙa musayar wasiƙa.

Tsarin ya tara kuɗi masu yawa, ya kuma sha suka. A 1982 mujallar New Internationalist ta Birtaniya ta ware fitowa guda tana kira ga masu karatunta su daina irin wannan tallafi. Hujjarta ita ce zaɓen yaro ɗaya a bar 'yan uwansa na haddasa hassada a gida da unguwa, kuma kuɗi da yawa na tafiya wajen ɗaukar hoto da fassara wasiƙu. Daga baya manyan ƙungiyoyi da dama suka sauya salo: hoton yaro ɗaya ake nuna wa mai bayarwa, amma kuɗin na shiga aikin ƙauyen baki ɗaya, kamar rijiya ko ajujuwa.

A ƙasar Hausa kuwa ba sai an koya wa kowa wannan ba. Akwai riƙo, inda kawu ko gwaggo ko aminin uba ke ɗaukar yaro ya ci ya sha ya yi karatu a hannunsa. Akwai almajirin da ke da uwar ɗaki a unguwa, mai ajiye masa tuwon dare da ɗinka masa kayan sallah. Akwai kula da maraya, wanda addini ya kwaɗaitar a kai matuƙa, ga zakka da waƙafi. Manyan ma'aikata da yawa a Birnin Kebbi, idan aka bi tarihinsu, za a tarar wani ne da ba mahaifinsu ba ya riƙe su har suka gama sakandare.

Riƙon ma yana da nasa tabon. Kowa ya san gidan da ɗan riƙo ya koma ɗan aike, 'ya'yan gida na makaranta shi yana wanke-wanke. Sai dai riƙo na da abu ɗaya da rabon kaya na yini guda ba shi da shi: alƙawari ne na shekaru.

Abin da bincike ya nuna

An gwada waɗannan abubuwa a wasu ƙasashe, kuma sakamakon na da amfani ga mai son taimako a Argungu ko Kalgo ko Augie.

A 2013 wasu masana tattalin arziki uku, Bruce Wydick da Paul Glewwe da Laine Rutledge, suka wallafa binciken da suka yi a ƙasashe shida, ciki har da Kenya da Uganda da Indiya. Sun bi sawun manyan da ƙungiyar Kirista ta Compassion International ta ɗauki nauyinsu tun suna yara, suka kwatanta su da 'yan uwansu da ba su samu ba. Waɗanda aka tallafa wa sun fi sauran daɗewa a makaranta da shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Tallafin na shekaru ne, kuma bayan kuɗin makaranta da yunifom akwai manyan da ke zama da yaran duk mako. Masu binciken sun danganta wani ɓangare na nasarar da yadda yaran suka fara sa wa kansu babban buri.

Gwajin da ya fi kusa da mu shi ne na Gana. A 2008 Esther Duflo da Pascaline Dupas da Michael Kremer suka tattara ɗalibai 2,064 da suka ci jarrabawar shiga babbar sakandare amma rashin kuɗi ya hana su tafiya. Aka yi ƙuri'a, 682 suka samu tallafin karatu har su gama. Bayan shekaru, adadin waɗanda suka kammala sakandare cikin masu tallafin ya zarce na sauran da kusan 27 cikin kowane 100. 'Yan matan cikinsu sun jinkirta ɗaukar ciki, kuma da aka ci gaba da bibiya an ga mace-macen ƙananan yara ya yi ƙasa a tsakanin 'ya'yan da suka haifa.

A yammacin Kenya kuma, waɗannan masana sun gwada abin da ya fi haka arha: yunifom kyauta ga 'yan aji shida na firamare. Wannan kaɗai ya rage barin makaranta, ya kuma rage ɗaukar ciki a ƙuruciya.

Abin lura a nan shi ne lokacin da aka sa kuɗin. A Gana an sa shi ne a mararraba, daidai inda yaro ke shirin tsallakawa daga wani mataki zuwa wani. A Kebbi mararrabar da ta fi cin yara ita ce tsakanin aji shida na firamare da aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Firamare na cikin ƙauye, sakandare na wani gari. Yarinya ta kai shekara 12 ko 13, an fara maganar aure, ga kuɗin mashin kullum. Nan ne ake rasa su da yawa, kuma nan ne masu rabon kaya suka fi ƙaranci, domin 'yan aji ɗaya sun fi daɗin hoto.

Kuɗi a hannun uwa

An gwada irin wannan a maƙwabta. Ƙarƙashin kashi na uku na shirin ilimin 'ya'ya mata da Birtaniya ta ɗauki nauyi, UNICEF ta aiwatar, an riƙa ba iyaye mata a jihohin Sakkwato da Neja naira 5,000 kan kowace yarinya duk zango, daga 2014 zuwa 2016. An zaɓi uwa ce da gangan, domin ita ke rasa kuɗin talla. Makarantun da aka yi shirin sun ga ƙaruwar 'yan mata a rajista.

Bayan haka UNICEF ta kawo makamancinsa Kebbi da Zamfara, da kuɗin shirin Educate A Child na ƙasar Katar, wanda Sheikha Moza bint Nasser ta assasa.

Mafi girma a yanzu shi ne AGILE, shirin ilimin 'yan mata matasa. Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 500 dominsa a watan Yulin 2020, kuma Kebbi na cikin jihohi bakwai na farko, tare da Borno da Ekiti da Kaduna da Kano da Katsina da Filato. A 2023 aka ƙara dala miliyan 700 aka shigo da wasu jihohi. Shirin ya haɗa gina sakandare kusa da ƙauyuka, da ba kwamitocin makarantu kuɗin gyara, da tallafin kuɗi ga iyalan 'yan matan da suka shiga sakandare bisa sharaɗin su riƙa zuwa aji.

Abu biyu ya kamata mai karatu ya riƙe. Na farko, kuɗin AGILE bashi ne mai sauƙi, ba kyauta ba, don haka talaka na da haƙƙin tambayar yadda aka kashe shi. Na biyu, kowane irin wannan shiri na da ranar rufewa. Yarinyar da ta shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare tana buƙatar shekara shida kafin ta zauna WAEC ko NECO, kuma ba kowane shiri ke kaiwa haka ba.

An ga misalinsa a shirin ciyar da 'yan firamare na gwamnatin tarayya. An fara shi a 2016 da naira 70 kan kowane yaro a yini, ga 'yan aji ɗaya zuwa uku. Duk da ƙorafin ƙarancin abincin, malamai a jihohi da dama sun shaida cewa ajujuwa sun cika. A watan Janairun 2024 aka dakatar da shi tare da sauran shirye-shiryen tallafin jin ƙai na tarayya. Yaron da kwanon abinci ya kawo aji, babu mamaki rashinsa ya mayar da shi fadama.

A cikin gida akwai gidauniyoyi irin su MALLPAI, wadda Hajiya Aisha Atiku Bagudu ta kafa domin ilimin almajirai da marasa galihu. Akwai kuma al'adar da ta zama yayi, ta sayen fom ɗin JAMB ga ɗaruruwan ɗalibai. Ba laifi ba ne, sai dai wanda ya kai ga neman fom ɗin JAMB ya riga ya tsallake dukkan ramukan da ke cinye yawancin yaran jihar.

Lafiya da tsaro na cikin lissafi

Yaron da zazzaɓin cizon sauro ke kwantarwa duk damina, ko wanda ke fitsarin jini saboda wanka a ruwan fadama, ba zai amfana da littafi yadda ya kamata ba. Wani sanannen bincike a Kenya ya gano cewa ba 'yan makaranta maganin tsutsar ciki ya rage fashin zuwa aji da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Gidan sauro da maganin tsutsa da ruwan sha mai tsafta ba su da tsada idan aka kwatanta da gini, amma ba a cika sa su cikin jerin abin da ake kira tallafin karatu ba.

Sai ambaliya. Tana zuwa ne a watannin Agusta da Satumba, daidai lokacin komawa sabuwar shekarar karatu. Ta 2020 ta shafe gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a jihar. A irin wannan shekara, manomin da ya yi niyyar ɗinka yunifom da kuɗin kaka ba shi da abin sayarwa, makarantu kuma kan zama matsugunin waɗanda ruwa ya kora. Mai tallafin da ya san yankin zai gane cewa shekarar ambaliya ce aka fi buƙatarsa.

Tsaro kuwa ya sauya tunanin iyaye gaba ɗaya. A ranar 17 ga Yunin 2021 'yan bindiga suka kwashi ɗalibai da malamai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, kuma sai a 2023 'yan matan ƙarshe suka dawo gida. A watan Nuwamban 2025 aka sace ɗalibai mata 25 a makarantar kwana ta Maga da ke ƙaramar hukumar Danko-Wasagu, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, kafin daga baya a sako su. Waɗannan a kudancin jihar suke, amma arewacin ma bai tsira ba: a Nuwamban 2024 Lakurawa sun kai hari garin Mera na ƙaramar hukumar Augie, a masarautar Argungu, suka kashe mutum 15.

A da, gatan da mai hali ke yi wa yarinyar ƙauye shi ne ya kai ta makarantar kwana. Yanzu uban da ya ce bai yarda ba, ba za a kira shi jahili ba. Sau da yawa abin da zai karɓa shi ne makarantar jeka-ka-dawo mafi kusa, da keke ko kuɗin abin hawa, ko kuma gidan dangi amintacce a cikin gari.

Zuwa aji daban, iya karatu daban

Ko an yi nasarar zaunar da yaro a aji, da sauran rina a kaba. UNICEF ta sha bayyana cewa kusan kashi 70 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan shekara 10 ba sa iya karanta jimla mai sauƙi su fahimce ta. Uban da ya haƙura da aikin ɗansa a gona shekara biyar, sannan ya miƙa masa takardar asibiti ya kasa karantawa, da wuya ya saki ƙaninsa.

A nan ƙarfin mai tallafi ke ƙarewa. Ba shi zai ɗauki malamai aiki ba, ba shi zai tura su ƙauye ya tabbatar suna zuwa ba, ba kuma shi zai biya kason jiha domin karɓo kuɗin hukumar UBEC ba. Wannan aikin gwamnati ne da hukumar SUBEB. Gwamna Nasir Idris, wanda ya hau mulki a 2023, tsohon shugaban Ƙungiyar Malamai ta Ƙasa ne, don haka jama'a na da dalilin sa ran ganin bambanci a cikin aji, ba a bangon makaranta kaɗai ba.

Sai dai akwai gwajin da kowa zai iya yi ba tare da ya jira kowa ba. Wanda ke biya wa yaro karatu, idan ya zo gida hutu, ya ba shi ɗan labari da Hausa ya karanta, ya ba shi lissafin ragi mai lamba biyu. Minti biyar sun isa a san ko kuɗin na aiki. Idan ɗan aji huɗu ya kasa, wataƙila abin da ya fi buƙata a bana malamin darasin yamma ne da zai haɗa shi da wasu yara goma, ba sabuwar jaka ba.

Wanda zai ɗauka, ya ɗauka har ƙarshe

Ga mai albashi ko ɗan kasuwar da ke son farawa, ya fi kyau ya ɗauki yara biyu ya kai su ƙarshen sakandare, da ya tara hamsin ya sallame su bayan zango ɗaya. Yarinyar da aka cire daga talla aka sa makaranta, sannan aka janye hannu tana aji biyu, ta rasa nan ta rasa can, kuma maƙwabta sun samu misalin da za su riƙa bayarwa.

Wajen zaɓe, shugaban makaranta da kwamitin kula da makaranta da mai unguwa sun fi kowa sanin wanda ke dab da ficewa. Yana da kyau a ji daga bakin fiye da mutum ɗaya, domin son kai ba ya rasa shiga. A zauna da uwar yaron, a tambaye ta nawa tallan ke kawo mata a mako, a kuma tuna da 'yan uwansa na ɗaki ɗaya da na ɗakin kishiya, kada alheri ya zama sanadin rigima. Abin da za a iya biya kai tsaye ga makaranta ko tela, a biya can a karɓi rasit.

Sai maganar mutunci. Ba dole ba ne a tsayar da maraya gaban kyamara riƙe da littafi, a watsa fuskarsa a Facebook da sunan ƙarfafa wasu. Yaron zai girma, hoton kuma yana nan. 'Yan ajinsu ma suna da waya.

Kuɗin kuma ya zo a kan kari. Makarantu na komawa a watan Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon hatsi bai shigo ba. Tallafin da ya iso a watan Disamba, bayan an sha biki an yi jawabi, zai tarar da yarinyar ta yi wata uku da tire a ka a tashar Argungu, an kuma ja layi a kan sunanta a rajista.